Sabon Jinsi Ne ko Tsohon Sani? Yadda Jinom Ke Tantance Bakteriyar Baki

Rumbun bayanan bakteriyar bakin ɗan Adam da Cibiyar Forsyth ta Amurka ke kula da shi, wanda aka sani da HOMD, ya lissafa jinsuna wajen 700 da ke zaune a baki. Waɗanda ke da suna na hukuma sun ɗan haura rabi ne kawai. Wasu an raine su a farantin ɗakin bincike amma har yau lamba suke amsawa, HMT kaza da kaza. Wasu kuma, kusan kashi 30 cikin 100 a lissafin da aka daɗe ana kawowa, ba a taɓa ganin tsironsu a faranti ba, sai dai sawun DNA ɗinsu a cikin yawu ko dauɗar haƙori. Don haka duk mai aiki da samfurin baki, ko ba daɗe ko ba jima, zai ci karo da wata bakteriya da na'urar tantancewa ta kasa faɗin sunanta. Daga nan aiki ke farawa: sabuwa ce da gaske, ko tsohuwa ce da aka auna ba daidai ba?

Kalmomi huɗu za su yi ta dawowa. Tsatso shi ne zuriyar ƙwaya ɗaya da aka ware aka raina ita kaɗai. Jinsi shi ne taron tsatsuna masu kusancin nasaba, irin su Streptococcus mutans. Dangi shi ne matakin da ke sama da jinsi, wato kalmar farko ta sunan, Streptococcus. Jinom kuwa shi ne ɗaukacin rubutun gado na ƙwayar, haruffa huɗu, A, C, G da T, jere da juna sau miliyoyi. Na S. mutans, wadda ke kan gaba wajen ruɓar da haƙori, haruffa miliyan 2.03 ne a tsatson UA159 da aka karanta a 2002. Na Porphyromonas gingivalis, mai hannu a ciwon dasashi, miliyan 2.34 ne a tsatson W83 da aka karanta a 2003.

Inda tsohon ma'auni ya gaza

Tun 1987 aka tsayar cewa tsatsuna biyu jinsi ɗaya ne idan DNA ɗinsu ya manne da juna da kashi 70 ko fiye a gwajin kwalba. Gwajin na da wahala, ɗakunan bincike kaɗan ne suka iya shi, kuma sakamakonsa ba ya taruwa a rumbu balle wani ya ɗora a kai. Sai aka koma ga ƙwayar gado ta 16S, mai haruffa wajen 1,500, wadda kowace bakteriya ke ɗauke da ita. A 1994 aka ce idan kamannin 16S ya gaza kashi 97, jinsuna biyu ne daban. A 2006 aka ɗaga iyakar zuwa 98.7.

Wannan doka fuska ɗaya gare ta, kuma nan ne mutane ke yawan zamewa. Idan kamanni ya yi ƙasa da 98.7, akwai hujja mai ƙarfi cewa jinsi daban ne. Idan ya haura, ba a tabbatar da komai ba. Baki cike yake da misalan haka. S. mitis, S. oralis da S. pneumoniae suna kama da juna da fiye da kashi 99 a 16S, alhali biyun farko na zaune lafiya a baki, ta ukun kuma na haddasa ciwon huhu da sanƙarau. A dangin Veillonella matsalar ta ninka, domin kwafe-kwafen 16S da ke cikin ƙwaya ɗaya kan saɓa wa juna, shi ya sa masu aiki da su ke dogara da wasu ƙwayoyin gado irin su rpoB. Wanda kuma ya karanta yanki ɗaya kawai na 16S, kamar V4 mai haruffa wajen 250, ya sani cewa a yawancin streptococci iyakarsa dangi. Yankin V1 zuwa V3 ya fi rarrabe mazauna baki, amma shi ma ba ya isa a raɗa suna da shi. Saboda irin wannan ne mujallar IJSEM, wadda ita ce ke tabbatar da sunayen bakteriya, ta wajabta gabatar da jinom tun daga 2018.

Daga baki zuwa faranti

Baki ba wuri ɗaya ba ne. Bayan harshe, ganɗa, cikin kumatu, saman haƙori da aljihun da ke tsakanin haƙori da dasashi, kowanne da mazaunansa. Yawu gauraye ne na abin da ya kakkaɓo daga ko'ina, galibi daga harshe, saboda haka mai neman sabon jinsi ya fi amfana da samfurin wuri takamaimai. Idan aljihun dasashi ake nufi, sai a fara share dauɗar da ke saman haƙori, a kare wurin daga yawu da auduga, sannan a zura siririyar takarda mai tsini da aka kashe wa ƙwayoyi, a bar ta daƙiƙa 10 zuwa 30, a jefa ta cikin ruwan jigila da aka cire wa oksijin. A shuka cikin awoyi kaɗan. Duk awar da aka ƙara, masu gudun oksijin na mutuwa, masu jure masa na ƙaruwa, sai a ƙare da streptococci da aka riga aka sani.

Ana girgiza samfurin da ƙarfi na kusan minti ɗaya, a tsarma shi ninki goma-goma har sau biyar ko shida, a shafa a farantin da aka haɗa da jinin tunkiya ko na doki kashi 5, da hemin microgiram 5 a kowace mililita, da bitamin K. Ana ajiye faranti a zafin digiri 37 cikin akwatin da iskarsa ta ƙunshi naitirojin kashi 80, haidirojin kashi 10, da kabon dayoksaid kashi 10. Haƙuri ne jarin wannan mataki. Wanda ya buɗe faranti bayan kwana biyu zai ga masu saurin girma ne kaɗai. Waɗanda ba a sani ba sun fi fitowa bayan kwana 7 zuwa 14, a matsayin ɗan ɗigon da ba ya kai kan allura ba, sau da yawa a gefen wani babban tsiro da suke ci daga gare shi.

Wannan dogaro da maƙwabci shi ne dalilin da ya sa da yawa suka ƙi rainuwa shekara da shekaru. Tannerella forsythia ba ta iya ƙera wani sinadarin bangon jikinta da ake kira N-acetylmuramic acid, sai an zuba mata shi. Granulicatella da Abiotrophia na buƙatar wani nau'in bitamin B6, shi ya sa suke tsirowa kewaye da layin Staphylococcus aureus da aka ja a faranti. Fretibacterium fastidiosum, da aka bayyana a 2013, sai da aka daɗe ana rainonta tare da wasu bakteriyar kafin a iya ware ta.

Akwai kuma tarkon da ya keɓanci baki. Bakteriyar baki na manne wa juna ta ɗabi'a, kuma Fusobacterium nucleatum ta yi suna wajen riƙe jinsuna iri-iri a jikinta. Tsiro ɗaya a faranti na iya fitowa daga ƙwayoyi biyu da suka rungumi juna. Dole a sake shuka tsiro guda aƙalla sau uku a jere, a duba shi a madubin ƙara girma bayan rinin Gram kowane zagaye, sannan a daskarar da kwalabe da dama cikin gilisarol kashi 15 zuwa 25 a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Daga wannan ajiya ɗaya za a ɗebi komai: DNA, gwajin halaye, da abin da za a aika ma'ajiya.

Ciro DNA da karanta shi

Masu bango mai kauri, irin su Streptococcus da Actinomyces, ba sa fashewa da sabulun da ke cikin kayan ciro DNA na yau da kullum. Sai an jiƙa su da lysozyme tare da mutanolysin, sinadaran da ke narkar da bangon, a digiri 37 na minti 30 zuwa awa ɗaya. Ana iya fasa su da ƙananan duwatsun gilashi a injin girgiza, amma wannan na daddatsa DNA, kuma idan dogon karatu ake nufi an ɓata shi ke nan. Illar rashin fasawa da kyau ta wuce ƙarancin DNA: idan akwai 'yar baƙuwa mai siririn bango a cikin tsiron, ita ce za ta fashe gaba ɗaya ta mamaye sakamakon. A auna yawan DNA da na'urar da ke amfani da rini mai haske, irin Qubit, domin mai auna shan haske kan haɗa da RNA ta ba da adadin da ya zarce gaskiya. Amfanin mai auna shan haske shi ne duba tsabta: rabon 260 da 280 ya kasance wajen 1.8, na 260 da 230 wajen 2.0 ko ɗan sama.

Injin Illumina na karanta gajerun guntaye, haruffa 150 ko 250 daga kowane ɓangare, da kuskure kaɗan. Ƙa'idar da Jongsik Chun da abokan aikinsa suka gabatar a 2018 ta nemi a karanta kowane harafi aƙalla sau 50, amma ninki 100 ya fi kwanciyar hankali. Lissafin mai sauƙi ne: jinom mai haruffa miliyan 2.2 a ninki 100 na buƙatar haruffa miliyan 220, wato tagwayen guntaye wajen 730,000 idan 150 ake karantawa ta kowane ɓangare. Manhajar SPAdes za ta harhaɗa su, amma za ta tsaya duk inda ta ci karo da rubutu mai maimaituwa wanda ya fi guntun tsawo. Jerin rRNA, wanda 16S ke cikinsa, ya kai haruffa wajen 5,000, kuma S. mutans na da kwafi biyar, P. gingivalis huɗu, ga kuma ƙananan ƙwayoyin gado masu tsalle da suka cika jinom ɗin P. gingivalis. Sakamakon sai ya fito yanki-yanki, 30 ko 100 ko fiye. Injunan Nanopore da PacBio na karanta dubun-dubatar haruffa a tashi ɗaya, suna tsallake waɗannan wurare su rufe jinom ya zama zobe. Rauninsu, musamman tsofaffin kayan Nanopore, shi ne ƙirga harafi ɗaya da ya jeru, kamar A bakwai a karanta shida, wanda ke sa ƙwayar gado lafiyayya ta bayyana kamar karyayya. Haɗa dogon karatu da gajere a manhajar Unicycler, ko harhaɗawa da manhajar Flye sannan a goge da guntayen Illumina, na magance wannan.

Abin lura ga mazauna baki: yawan G da C a jinom ɗinsu ya yi hannun riga ƙwarai, daga wajen kashi 27 a Fusobacterium zuwa sama da 65 a Actinomyces. Shirin samfur da ya dogara da zagayen PCR masu yawa, wato hanyar ninka DNA, kan tauye duka ɓangarorin biyu, ya bar ramuka daidai wuraren da suka fi karkata.

A fara zargin jinom kafin a yi murna

A ganina, mafi yawan sababbin jinsunan da ba su tabbata ba a wannan gaɓa aka haife su. Gurɓataccen jinom na ba da lambobin da ba su yi daidai da kowane sanannen jinsi ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da mai neman sabon abu ke fatan gani.

Duba girma tukuna. Streptococcus na baki kan kasance kusa da haruffa miliyan 2. Idan harhaɗawa ta ba da miliyan 4.3, halitta biyu ce a kwalba ɗaya. A zana kowane yanki bisa yawan G da C da kuma zurfin karatunsa: tsatso mai tsabta gajimare ɗaya yake bayarwa, gauraye kuma biyu. Yankuna 'yan ƙanana masu zurfi 2 ko 3 alhali sauran na kan 100 galibi malala ce daga samfurin maƙwabta a cikin injin, a cire su. Manhajar CheckM na ƙirga ƙwayoyin gado da ya kamata a samu sau ɗaya tak a kowane jinom: wadda ta ɓace na nuna giɓi, wadda ta zo sau biyu na nuna gurɓata. Ga tsatson da aka raina, cikar da ta gaza kashi 95 ko gurɓatar da ta wuce 5 dalili ne na komawa faranti, kuma ko kashi 2 zuwa 3 ya cancanci a bi sawunsa. CheckM na iya makancewa idan rabin jinom na wata ne, rabi na wata, ba tare da maimaici ba. GUNC aka ƙera don kama irin wannan. Gwaji na ƙarshe mai arha ne kuma ana yawan tsallake shi: a karanta 16S na tsatson da tsohuwar hanyar Sanger, a gwada da wanda aka ciro daga jinom. Idan sun saɓa, an musanya kwalba a wani wuri.

Awon kansa

Ma'aunin da ya maye gurbin gwajin kwalba shi ne ANI, matsakaicin kamannin haruffa tsakanin jinom biyu. A asalin hanyar, ana yanka jinom ɗaya guntu-guntu, haruffa 1,020 kowanne, a nemo takwaran kowane guntu a ɗaya jinom ɗin, a ɗauki matsakaicin kamannin waɗanda suka samu takwara. A 2007 aka nuna cewa ANI na kashi 95 ya yi daidai da tsohon kashi 70, kuma daga baya aka tsaya a kan 95 zuwa 96. A 2018 wani bincike da manhajar FastANI a kan jinom wajen 90,000 ya gano cewa yawancin tagwaye ko dai sun haura 95 ko sun gaza 83, tsakiyar kusan wayam. Wannan giɓi shi ne hujjar cewa layin yana bin wani abu na gaske a halitta.

Abubuwa uku ke ɓata wannan awo. Na farko, ANI ba ya faɗin yawan jinom ɗin da ya shiga lissafi. Kashi 96 a kan kashi 20 na jinom ba komai ba ne. Rumbun GTDB, mai rarraba bakteriya bisa jinom, na neman aƙalla rabin jinom ya jeru da takwaransa. Na biyu, manhajoji na ɗan saɓa wa juna. Bambancin ba ya damun kowa a 85, amma a 94.8 ya isa ya juya hukunci, don haka a gwada da hanya biyu ko uku, a kuma rubuta wadda aka yi amfani da ita. Na uku shi ne mafi muni: gwadawa da jinom ɗin da kawai ke ɗauke da sunan jinsi a rumbun jama'a. Suna na rataye ne a kan tsatso ɗaya tak, tsatson ma'auni, wanda ake sa wa harafin T a saman lambarsa. Jinom da yawa an ɗora su da sunan da na'urar asibiti ta bayar, kuma a ƙungiyar mitis, wato S. mitis, S. oralis, S. pneumoniae da makusantansu, kuskuren ya yi yawa. Sabar TYGS ta cibiyar DSMZ da ke Braunschweig a Jamus ta rage wannan wahala: tana gwada jinom da tsatsunan ma'auni kai tsaye, ta fitar da kwatankwacin gwajin kwalba ta hanyar lissafi. Iyakar jinsi kashi 70 ce, ta reshen jinsi 79, kuma dabarar lissafinta ta d4 ce ta dace da jinom mai giɓi domin ba ta dogara da tsawonsa. A duba tazarar tabbas da ke gefen lambar. 68 mai tazara daga 65 zuwa 71 bai raba gardama ba. Bambancin G da C da ya wuce maki ɗaya ƙarin shaida ne cewa jinsuna biyu ne.

Bayan lambobi sai bishiyar nasaba, wadda ake ginawa da ɗaruruwan ƙwayoyin gado na gama-gari, ko 120 ɗin da GTDB-Tk ke amfani da su. Abin nema shi ne tsatsunan su taru a reshe ɗaya nasu, mai goyon baya mai ƙarfi, ba su faɗa tsakiyar wani sanannen jinsi ba.

Inda layin 95 ke karyewa

Streptococci na ƙungiyar mitis na ɗaukar DNA daga muhallinsu su saka a jikinsu. Ta haka ne S. pneumoniae ta samo guntayen ƙwayoyin gado daga S. mitis da S. oralis da suka ba ta juriya ga fenisilin. Sakamakon wannan cuɗanya shi ne giɓin da aka gani a sauran bakteriya ya cike a nan. Tsatsuna biyu na S. mitis sau da yawa ba sa kai wa 95 tsakaninsu. Idan aka bi layin ido rufe, kusan kowane mutum na ɗauke da sabon jinsi a kumatunsa, kuma GTDB, da ke bin lissafi zalla, ya tsaga S. mitis gida gommai, kowanne da haruffa a bayan sunansa.

An riga an ga ƙarshen irin wannan gaggawa. A 2012 aka bayyana S. tigurinus daga marasa lafiya a Zurich, a 2014 kuma S. dentisani daga haƙoran mutanen da ba su da ruɓewa a Sifaniya. A 2016 Anders Jensen, Christian Scholz da Mogens Kilian na Danmak suka gina bishiya da jinom masu yawa, suka nuna cewa duka biyun rassa ne na S. oralis, sannan S. oligofermentans ba kowa ba ce illa S. cristatus da aka riga aka sani. Aikin farko bai zama banza ba, domin rassan na nan da halayensu, amma matsayinsu ya sauka. Darasin aiki a nan shi ne kada a raɗa wa ɗan ƙungiyar mitis suna da tsatso ɗaya. A nemo biyar ko goma daga mutane daban-daban, a ga ko suna haɗuwa da juna sama da 95 su kuma rabu da kowa, sannan a nemi wani abu da suka keɓanta da shi: tarin ƙwayoyin gado na sarrafa wani sukari, ko wurin zama na musamman a baki.

Fusobacterium nucleatum ta nuna ɗaya fuskar. An daɗe ana ɗaukar rassanta, nucleatum, polymorphum, vincentii da animalis, a matsayin jinsi ɗaya, alhali ANI tsakaninsu bai kai 95 ba, kuma a 2017 masu bincike a Koriya ta Kudu suka ba da shawarar ɗaga kowanne zuwa jinsi. A 2024 wani aiki daga cibiyar Fred Hutchinson da ke Seattle ya nuna cewa animalis kanta gida biyu ce, kuma ɗaya daga ciki, C2, shi ne ya mamaye kumburin sankarar hanji. Duk binciken da ya tattara su ƙarƙashin suna ɗaya ya tsarma wannan alama da 'yan uwan da ba ruwansu. Wannan ne ya sa rarrabewa ba aikin ado ba ne. Suna mai faɗi da yawa na ɓoye mai laifi.

A matakin dangi kuwa babu layin da kowa ya yarda da shi, bishiya ce ke jagora. A 2018 aka tsaga Actinomyces, A. odontolyticus ta koma Schaalia odontolytica. A 2022 aka tsaga Prevotella, P. oris ta zama Segatella oris, P. loescheii ta zama Hoylesella loescheii. Mai neman makusantan tsatsonsa dole ya bincika tsohon suna da sabo a rumbun sunayen bakteriya na LPSN, in ba haka ba zai tsallake ainihin wanda ya kamata ya gwada da shi.

Waɗanda suka ƙi faranti

A 2015 Xuesong He da abokan aikinsa suka raini TM7x, ta farko daga babbar ƙungiyar Saccharibacteria. Faɗinta nanomita 200 zuwa 300 ne, jinom ɗinta haruffa 705,000 kacal, ba ta iya ƙera amino asid ko ɗaya, kuma tana rayuwa ne manne a jikin Schaalia odontolytica. Ana ware irinta ta hanyar tace samfur da matata mai ƙofar mikromita 0.2 zuwa 0.45, a zuba ruwan a kan bakteriyar da ake zaton za ta karɓe ta. A 2019 ƙungiyar Mircea Podar a Oak Ridge ta juya tsarin: ta duba jinom ta gano furotin da ke saman fatar ƙwayar, ta ƙera garkuwar da ke kama shi, ta zaƙulo ƙwayoyin da rai daga yawu, har da 'yan ƙungiyar SR1.

Waɗannan ƙanana na rikita manhajoji. Jinom ɗin Saccharibacteria da aka rufe zobe cikakke na iya bayyana a CheckM kamar ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku, domin ƙungiyar ba ta da wasu alamomin tun asali. Akwai jerin alamomi 43 da aka tanadar musu. 'Yan SR1 kuma na karanta UGA a matsayin glycine, alhali a yawancin halittu alamar tsayawa ce. Wanda ya bar manhaja a kan jadawalin fassara rubutun gado na 11 maimakon na 25 zai ga ƙwayoyin gado a daddatse ya zaci jinom ya lalace.

Hanya ta biyu ita ce karanta DNA ɗin samfur gaba ɗaya a tsamo jinom daga ciki. A yawu, sau da yawa sama da kashi 90 na guntaye na mutumin ne da kansa, sai an rage su kafin karatu an kuma goge ragowar kafin a ɗora a rumbun jama'a, domin sirrin mai samfur. Ƙa'idar 2017 ta ce jinom mai daraja ta ɗaya ya cika sama da kashi 90, gurɓata ƙasa da 5, ya ƙunshi 5S, 16S da 23S, da tRNA aƙalla 18. A baki hanyar ta fi nasara a kan jinsunan da ba su da makusanta a samfurin, ta fi gazawa a kan streptococci, inda tsatsuna goma masu kama da juna ke ruɗa manhajar harhaɗawa. A 2019 Alon Shaiber da Murat Eren sun nuna cewa wasu jinom ɗin baki da aka wallafa ta wannan hanya gauraye ne na halittu fiye da ɗaya. Samun jinom iri ɗaya daga mutane daban-daban shi ne shaidar da ta fi gamsarwa.

Raɗa suna

Dokar ICNP, wato dokar duniya ta raɗa wa bakteriya suna, na buƙatar tsatso mai rai kuma tsantsa, a ajiye shi a ma'ajiya biyu a ƙasashe biyu, misali DSMZ a Jamus da JCM a Japan, ko CCUG a Suwidin da ATCC a Amurka, kowacce ta ba da takardar shaida. Bayanin jinsin zai ƙunshi asalin sunan da nahawun Latin, siffar ƙwaya da tsiro, zafi da iskar da take so, sukarin da take ci, abin da take fitarwa, da lambobin jinom da 16S. A yi gwajin halaye kafaɗa da kafaɗa da tsatsunan ma'auni na makusanta, a faranti iri ɗaya, rana ɗaya. Kwafo halayensu daga tsohuwar takarda na haifar da bambancin da babu shi. Sunan ba ya zama na hukuma sai ya fito a IJSEM ko a jerin tabbatarwarta.

TM7x ba ta cika sharaɗin tsantsa ba tunda ba ta rayuwa sai da mai masaukinta, don haka sunanta Nanosynbacter lyticus ke ɗauke da kalmar Candidatus a gaba, matsayin wucin gadi. A 2020 kwamitin duniya mai kula da dokar ya ƙi amincewa da jinom a madadin tsatso mai rai, sai wasu masana suka kafa SeqCode a 2022, wanda ke karɓar jinom mai cika sama da kashi 90 da gurɓata ƙasa da 5. Yanzu dokoki biyu ke aiki gefe da gefe, kuma mai wallafawa ya faɗi a fili wadda ya bi, ya kuma haɗa sunan da lambar HMT, domin da lambar ce aka rubuta binciken shekarun baya.

Aika masu gudun oksijin zuwa ma'ajiya na ɗaukar watanni, kuma wasu ba sa tashi bayan busarwar daskare sai an sake aikawa, don haka a fara tun kafin a zauna rubutu. Idan ma'ajiyar ta gama shirya nata kwalaben, a nemi ɗaya a dawo da shi, a raina, a sake karanta 16S ɗinsa ko jinom ɗin gaba ɗaya, a tabbatar ANI da na asali ya haura 99.9 kafin a sa hannu a takardar.